Daga Kanye West zuwa Torankawa: Yadda waƙa ke yi wa al'umma kuɗin goro, da abin da ya sa ya shafe mu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya lokacin rani, ya ratsa Ƙarfi da Kura har zuwa Kwanar Gafan, zai ga matasa cikin gonakin shinkafa da tumatir, kowa da waya a aljihu, wani da abin sauraro a kunne. A cikin waɗannan wayoyi akwai waƙoƙin siyasa da na soyayya da bege, akwai wa'azi, akwai kuma waƙoƙin Turai da gajerun bidiyo na TikTok da aka fassara ko aka yi wa sharhi da Hausa. Ta wannan hanya ce labarin mawaƙin Amurka Kanye West, wanda ya mayar da sunansa Ye, ya iso majalisun matasanmu. Da yawa sun karɓi labarin a dunƙule: wai wani baƙar fata ne ya faɗi gaskiya game da Yahudawa, suka taru suka karya shi.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne haɗin manomin rani a Bunkure da rigimar wani attajirin mawaƙi da Yahudawan Amurka? Yawancinmu ba mu taɓa haɗa ido da Bayahude ba. Amma salon tunanin da ke bayan wannan rigima, wato ɗaukar laifin mutum ɗaya ko wata gwamnati a ɗora wa al'umma baki ɗaya, ya riga ya ci rayukan 'yan Bunkure. Wannan sharhi zai bi lamarin daki-daki.

Abin da Kanye West ya aikata

A watan Oktoban 2022 Kanye West ya wallafa saƙon barazana ga Yahudawa a Twitter, inda yake da mabiya sama da miliyan 30. Adadin ya ninka yawan Yahudawan duniya, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin miliyan 15 zuwa 16, wato ba su kai jama'ar jihohin Kano da Jigawa ba idan aka haɗa. Kwanaki kaɗan bayan haka wasu masu aƙidar Nazi suka rataya ƙyalle a kan gadar wata babbar hanya a Los Angeles suna jinjina masa. A ranar 25 ga Oktoba kamfanin Adidas ya yanke hulɗa da shi, mujallar Forbes kuma ta cire shi daga jerin masu biliyan. A watan Disamba na shekarar ya fito a shirin Alex Jones ya yabi Adolf Hitler a fili.

A Disamban 2023 ya nemi afuwa da harshen Ibrananci. Sai ga shi a Fabrairun 2025 ya sayi lokacin talla a ranar wasan Super Bowl, ya tura jama'a zuwa shafinsa, inda aka iske riga mai tambarin Nazi ita kaɗai ake sayarwa. A ranar 8 ga Mayun 2025, ranar da Turai ke cika shekara 80 da faɗuwar Jamus ta Hitler, ya saki waƙar da ya raɗa wa suna da gaisuwar da 'yan Nazi ke yi wa shugabansu. Manyan shafukan sauraron waƙa sun cire ta, amma miliyoyi sun kalle ta a X. A watan Yuli ƙasar Ostareliya ta bayyana cewa ta soke bizarsa saboda waƙar.

Ba shi kaɗai ba ne. A Jamus, cikin Afrilun 2018, an ba mawaƙa Kollegah da Farid Bang lambar yabo ta Echo duk da wani baiti da ya yi shaguɓe da fursunonin sansanin Auschwitz. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka soke gasar kacokan. A Ingila, a Yulin 2020, Twitter da Facebook da Instagram sun rufe shafukan mawaƙi Wiley bayan ya shafe kwanaki yana zagin Yahudawa. Masu kallon ƙwallo za su tuna Nicolas Anelka, wanda aka dakatar wasa biyar a 2014 saboda wata alama da ya yi da hannu bayan ya ci ƙwallo a West Brom, alamar da ɗan wasan barkwancin Faransa Dieudonné ya yi suna da ita, mutumin da kotunan Faransa suka sha kamawa da laifin kalaman ƙin jinin Yahudawa.

Akwai abin takaici a lamarin baƙar fata mai yabon Hitler. Gwamnatin Nazi ta faɗaɗa dokokin wariya na Nuremberg na 1935 har suka hau kan baƙaƙe. A 1937 ta yi wa ɗaruruwan yara 'yan yankin Rhineland, waɗanda iyayensu maza sojojin Afirka ne, tiyatar hana haihuwa ta ƙarfi. A Yunin 1940 sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi, suka karkashe su a ƙauyen Chasselay bayan sun miƙa wuya. Mutumin da ya hallaka Yahudawa miliyan shida bai ɗauki Bahaushe a bakin komai ba.

Tsohuwar tatsuniya a sabon kiɗa

Zarge-zargen da ake rerawa a yau, cewa Yahudawa ne ke riƙe da kuɗin duniya da kafafen yaɗa labarai da gwamnatoci a ɓoye, an haife su ne a Turai ƙarnuka da suka wuce. A zamanin da, ƙasashen Turai da dama sun hana Bayahude mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a, coci kuma ta haramta wa Kirista ba da bashi da ruwa. Wasu Yahudawa suka shiga wannan sana'a da aka bar musu, sarakuna suka riƙa cin bashi a wurinsu suna tatsar haraji, idan talakawa suka fusata a nuna musu Bayahude. A 1144 a garin Norwich na Ingila aka ƙirƙiro sharrin cewa suna yanka yaran Kirista. A 1290 aka kore su daga Ingila. Lokacin annobar da ta cinye Turai daga 1348, aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg a 1349.

Ita kanta kalmar da Turawa ke amfani da ita wajen kiran wannan ƙiyayya, wani ɗan jaridar Jamus Wilhelm Marr ne ya yayata ta a 1879, kuma Yahudawa yake nufi da ita. Saboda haka hujjar da ake yawan kawowa a muhawara, cewa Larabawa ma jikokin Samu ne, ba ta sauya ma'anar da aka sa wa kalmar ba.

Babban tushen ƙaryar makircin duniya shi ne littafin da ake kira Protocols of the Elders of Zion, wanda ya fara fitowa a Rasha a 1903 a matsayin bayanan wani taron sirri na dattawan Yahudawa. A 1921 wakilin jaridar The Times ta Landan, Philip Graves, ya nuna cewa an kwafe sassa masu yawa na littafin daga wani rubutun zambo da lauyan Faransa Maurice Joly ya yi wa Sarki Napoleon na Uku a 1864, rubutun da ko Bayahude bai ambata ba. Duk da haka attajirin motoci Henry Ford ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi suka rungume shi, aka fassara shi zuwa Larabci, har wani dogon shirin talabijin na Masar ya jingina da shi a azumin 2002. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ƙarya ta haura shekara 120 tana sauya riga. Rigarta ta yanzu ita ce bidiyon minti ɗaya da ke cewa wane mawaƙi ya sayar da ransa ga Illuminati, ƙungiyar da Adam Weishaupt ya kafa a Bavaria a 1776, gwamnati ta rushe ta kafin ta cika shekara goma.

To, ba su ne suka cika masana'antar ba?

Ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne kamfanonin waƙa sun daɗe suna cutar mawaƙa baƙar fata da yarjejeniyoyi na zalunci. Prince ya taɓa rubuta kalmar bawa a kumatunsa saboda rigimarsa da kamfanin Warner a shekarun 1990. Gaskiya ne kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa Hollywood Yahudawa ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai, waɗanda suka shiga harkar fim lokacin da masu hali ke ganinta sana'ar banza, wasu ƙofofin kuma a rufe suke gare su. Har yau akwai Yahudawa a cikin shugabannin masana'antar, kamar yadda Sony Music yake hannun kamfanin Japan, Spotify ya fito daga Suwidin, kamfanin Tencent na Sin kuma yake da babban kaso a Universal.

Mu auna da abin da muka sani. Hausawa ne suka fi yawa a kasuwar canji, daga Wapa a Kano zuwa Zone 4 a Abuja. Idan wani mawaƙin Legas ya yi waƙa cewa Hausawa ne suka haɗa baki a asirce suka karya darajar naira, za mu ce ya yi mana ƙazafi, domin mun san mai dako a Kwanar Dawaki da manomi a Gafan ba su da hannu a farashin dala. Yawan wata ƙabila a wata sana'a tarihi ne ke kawo shi: ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, ubangida ya yaye yaro. Haka Inyamurai suka yi yawa a kayan gyaran mota, haka Kwarori suka taɓa mamaye kasuwar atamfa har Kantin Kwari ya samo sunansa. Mawaƙin da wani shugaban kamfani ya cuta yana da damar kiran sunansa, ya kai shi kotu, ya yi masa waƙa. Idan ya bar sunan mutumin ya kama sunan ƙabilarsa, ya bar jaki ke nan yana dukan taiki.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

A bakin Bahaushe kalmar Bayahude ta daɗe da zama zagi. Ana jifan marowaci da ita, da mai tsawwala riba, da marar tausayi. Ana ce wa ɗan boko yaron Yahudawa, ana kiran duk wani tsari da ba a fahimta ba makircin Yahudu da Nasara. Yaro yana tasowa da kalmar tun kafin ya san cewa akwai mutane masu rai, masu yara da tsofaffi da matalauta, da ke amsa wannan suna.

Tarihinmu ma yana da nasa babi. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan haƙƙoƙin mulki, mutum ne mai girman daraja a tarihin birnin. Kafin zuwansa, a wajajen 1492, shi ne ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawa a Tamantit da ke yankin Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau, aka kashe wasu, sauran suka watse. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, yana ganin mutanen suna cikin amanar Musulmi, har aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, ra'ayoyinsu kuma suka rabu. A wannan shekara ta 1492 ne Sifen ta kori Yahudawanta, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Tarihin Musulmi da Yahudawa yana da duhu, yana da haske, kuma littattafan hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kuma rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude da ya karɓi hatsi a hannunsa.

A siyasar zamani, rikicin Falasɗinu ne ya fi tasiri. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta nesanta kanta daga rancen Isra'ila da gwamnatin tarayya ta karɓa a 1960. Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1973, ba ta maido ba sai 1992. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife fita daga masarautunsu na wata shida saboda sun ziyarci Isra'ila. Waɗannan matakai ne na siyasa a kan wata ƙasa, ana iya goyon bayansu, ana iya sukarsu. Matsalar tana tasowa ne idan aka cakuɗa ƙasar da duk wani mai bin addinin.

Gaza fa?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi a zuciyar matashin Kano, kuma ta cancanci amsa kai tsaye. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar ya kashe Falasɗinawa sama da 60,000 zuwa ƙarshen Yulin 2025, bisa alƙaluman ma'aikatar lafiya ta Gaza. Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila Kotun Duniya a Disamban 2023 bisa zargin kisan ƙare dangi. A Nuwamban 2024 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Firaminista Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant. Wanda ya yi waƙa ko zanga-zanga a kan wannan, ya kira sunan gwamnati da sojoji da masu ba su makamai, bai yi ƙin jinin kowa ba. Gaskiya ne kuma wasu magoya bayan gwamnatin Isra'ila kan yi amfani da zargin ƙin jinin Yahudawa don toshe bakin masu suka.

Sai dai fiye da rabin Yahudawan duniya ba a Isra'ila suke zaune ba, kuma daga cikin masu kakkausar suka ga yaƙin akwai Yahudawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem, wadda ke cikin Isra'ila, ta fitar da rahoto a Yulin 2025 tana kiran abin da ke faruwa a Gaza kisan ƙare dangi. Ƙungiyar Jewish Voice for Peace ta sha jagorantar zanga-zanga a biranen Amurka. Masanin tarihi Ilan Pappé ya shafe rayuwarsa yana rubutu kan korar Falasɗinawa ta 1948. A gwagwarmayar Afirka ta Kudu, Denis Goldberg ya tsaya a gaban kotu tare da Nelson Mandela a shari'ar Rivonia, ya yi shekara 22 a kurkuku. Ruth First kuma bam ɗin da jami'an wariyar launin fata suka aika mata cikin wasiƙa ne ya kashe ta a Maputo a 1982. Ita kanta Hamas, wadda kundinta na 1988 ya kafa hujja da littafin jabun nan na Rasha, ta rubuta a takardarta ta 2017 cewa faɗanta da aƙidar Sahyoniya ne, ba da Yahudawa don addininsu ba.

Akwai ma'auni mai sauƙi. Idan magana ta ambaci wanda ya aikata, da abin da ya aikata, da lokacin da ya aikata, to suka ce, ana iya bincikarta. Idan ta ce halinsu ne tun asali, duk ɗaya suke, su ne bayan kowace masifa daga tsadar taki zuwa annoba, to tsohuwar tatsuniyar Turai ce aka sa wa rawani. Yabon Hitler bai taɓa ceton yaro ko ɗaya a Gaza ba, sai dai ya ba masu kare yaƙin hujjar cewa duk masu sukarsu maƙiya ne.

Abin da ya faru da 'yan Torankawa

A ƙarshen Maris na 2025, wasu mafarauta 'yan Arewa sun taso daga yankin Fatakwal a cikin babbar mota za su gida bikin ƙaramar Sallah. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin farauta, aka yi shelar an kama masu garkuwa da mutane. Gungun jama'a ya kashe mutum 16, aka cinna wa gawarwaki wuta, wasu na ɗauka da waya. Da dama daga cikin mamatan 'yan Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, inda gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf.

Waɗanda suka yi kisan ba su san sunan ko mutum ɗaya daga cikin mamatan ba. Mutanen yankin sun daɗe suna fama da satar mutane, wannan gaskiya ne. Amma shekaru aka yi ana cusa musu, a wasannin barkwanci da shafukan sada zumunta da hirar tasha, cewa duk wani aboki ko Bafulatani abin zargi ne. Da ranar ta zo, ba wanda ya tsaya tambaya. Wannan shi ne kuɗin goro, kuma injinsa ɗaya ne ko wa aka saka a ciki. Mu ma a Arewa mun taɓa juya shi kan Inyamurai a 1966, lokacin da aka ɗora wa dubban 'yan kasuwa da ma'aikata laifin wasu hafsoshin soja, aka kashe su a Kano da wasu garuruwa.

A Ruwanda, kafin kisan 1994, gidan rediyon RTLM ya jawo matasa da kiɗa mai daɗi da barkwanci, yana saka waƙoƙin Simon Bikindi. A 2008 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke wa Bikindi ɗaurin shekara 15 saboda kiran kisa da ya yi da lasifika a kan hanya, ta kuma tabbatar cewa an yi amfani da wasu waƙoƙinsa wajen rura ƙiyayya ga 'yan Tutsi. A Yamma kuwa, aƙidar da ke cewa ana shigo da baƙi don a maye gurbin farar fata ita ce ta tunzura wanda ya kashe Yahudawa 11 a majami'ar Pittsburgh a 2018, da wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatan Christchurch a 2019, da wanda ya kashe baƙar fata 10 a Buffalo a 2022, wanda ya rubuta cewa Yahudawa ne ke kitsa makircin. Masu wannan aƙida sun haɗa Bayahude da Musulmi da baƙar fata a layi guda. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ke cin ribar tatsuniya

Tatsuniyar makirci tana da wata illa da ta fi kusa da aljihun manomi: tana ɓoye masu laifi na gaskiya. Aikin noman rani na Kogin Kano, wanda madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo ke shayarwa, an tsara kashinsa na farko ya ɗauki hekta 22,000 a yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam. Matsalolinsa suna da suna da adireshi. Kachalla da yashi suna toshe hanyoyin ruwa, kuma akwai hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke da alhakin kula da manyan magudanai. Taki ya yi tsada bayan yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, ya ƙara tashi bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, farashin shanshera ya faɗi daga baya, manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da arha. Ƙwaron da ya cinye tumatir a 2016 asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya bi ta Sifen ya shigo Afirka. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, da aka buɗe a shekarar, ta sha tsayawa saboda ƙarancin kaya da saɓanin farashi.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da ministan da za a tambaya, da ɗan majalisar da za a tare, da kasafin kuɗin da za a bincika. Matashin da ya gamsu cewa wasu ɓoyayyun mutane a ƙetare ne ke juya komai ba zai je ya nemi bayanin kwangilar yashe magudanar ruwa ba. Ɗan siyasar da ya ci kuɗin kuwa ba abin da ya fi so kamar a ci gaba da kallon nesa.

Kano ta taɓa biyan farashin irin wannan. A 2003 jita-jitar cewa an gurɓata rigakafin shan inna don hana Musulmi haihuwa ta sa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau dakatar da shi har zuwa tsakiyar 2004. Tsoron yana da tushe, domin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 bai gushe a zukata ba. Amma dubi bambancin sakamako. Lamarin Pfizer, da yake yana da suna da kwanan wata da shaidu, ya kai ga shari'a da yarjejeniyar diyya ta dala miliyan 75 a 2009. Jita-jitar makirci kuwa ta bar yara da shanyewar ƙafa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Hani ko tarbiyyar kunne?

Wasu za su ce a kafa doka. Tarihinmu ya nuna inda irin wannan doka ke faɗawa. Hukumar tace fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ta yi suna wajen kama mawaƙan da suka taɓa masu mulki ko aka zarga da ɓata tarbiyya. An tsare Aminu Ala a 2009, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019. Hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta hana saka waƙar Eedris Abdulkareem a Afrilun 2025 saboda ta soki gwamnati. Ƙudurin kalaman ƙiyayya da Sanata Sabi Abdullahi ya gabatar a 2019, wanda ya tanadi hukuncin kisa, ya gamu da adawa saboda tsoron za a juya shi kan 'yan jarida da 'yan adawa. Kiran kisa a fili laifi ne da ya kamata kotu ta hukunta. Abin da bai kai nan ba, maganinsa yana wurin mai sauraro.

Al'adar waƙar Hausa ta san zambo da habaici, ta san ƙarfinsu. Shata ya yi zambo, makaɗan fada sun yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu, mawaƙan NEPU da NPC sun gwabza, na yau ma suna yi duk kakar zaɓe. Amma zambo na gari yana da wanda aka nufa, mutum ne da ya yi wani abu, yana kuma iya ramawa. Waƙar da ta ɗauki al'umma guda, har da jaririn da aka haifa jiya, ta ce jininsu ne mugu, ta fita daga wannan layi.

Saboda haka kafin ka tura bidiyon da ya shigo wayarka, tambayi kanka abu uku. Wa aka ambata, mutum ne ko ƙabila? Akwai hujjar da za a iya bi a tabbatar? Idan aka cire kalmar Bayahude aka sa Bahaushe ko Bafulatani, zan yarda a rera shi a Uromi? Magana zarar bunu ce. Iyalan da ke Torankawa sun san abin da ke biyo baya idan aka daɗe ana zararta ba wanda ya tsawatar.